Ciyawar Auta

Manaja yana durƙushe a bakin ciyawar ƙofar gidansa da almakashi a hannu, yana daidaita gefen da inji ba ya iya kaiwa, sai ya ji muryar mahaifinsa daga baranda.

"Auta, gobe zan koma gida."

Bai ɗago nan take ba. Ya riga ya sa farar rigar ofis da taye, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin gwiwoyinsa don kada wando ya ɓaci. Mutum ne da ya haura hamsin, ga tumbi ga furfura, kuma a wurin aiki miƙewa ake yi in ya shigo. Amma a bakin Baba har yau Auta ne, kuma da zarar an kira shi da wannan suna sai muryarsa ta ƙanƙance da kanta.

"Baba, ai likita ba ta sallame ka ba."

"Ni na sallami kaina."

Da ya juya sai ya ga abin ba wasa ba ne. Tsohon yana zaune a kujerar roba, jakarsa a gefe an zuge ta tsaf, sandarsa a kai, alhali tafiyar sai gobe. Kumburin ƙafafunsa ya saɓe ba kamar da ba, amma har yanzu silifa tana matse su. Kofin shayin da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba, ƙuda yana yawo a bakinsa.

A farkon damina aka kawo Baba daga ƙauye kwance a bayan mota, numfashi yana yi masa gardama. A asibiti aka ce zuciya ce. Likitar ta ce za a iya shawo kan abin, amma da sharaɗi: ya zauna kusa, a riƙa kawo shi duk mako ana auna shi ana gyara masa magani har ƙarshen damina, kuma ya manta da aikin ƙarfi. Yanzu ko rabi ba a yi ba. Matsalar ita ce magani ya yi aiki daidai gwargwadon da zai ba Baba ƙarfin gajiya da zama. Lokacin da yake kwance bai ce komai ba. Da ya fara takawa zuwa baranda sai hankalinsa ya koma gona: yanzu an gama shuka, yanzu ya kamata a ce an shiga noma, jikokinsa kuwa ya san halinsu, sama-sama suke yi su gudu inuwa.

Manaja ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fara roƙo. Ya ce yayyensa suna can suna kula da gonar. Baba ya ce shi ma yana da idon gani, ba sai an ba shi labari a waya ba. Ya ce to me aka rasa yi masa a nan? Baba ya ce ba a rasa yi masa komai ba, kuma abin da ya dame shi ke nan. A kawo masa abinci, a ɗauke kwano, a kunna masa talabijin, a kashe. Ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka sai wani ya riga shi.

"An ajiye ni kamar buhu," in ji shi. "Buhun ma wata rana akan buɗe shi."

Manaja ya duba agogo ya ce za su ƙarasa maganar da yamma. Baba ya ce wannan maganar ta ƙare, sai dai in wata ce. Da Manaja zai fita ya bi ta kan siminti ya zagaya ciyawar kamar yadda ya saba, ya tsaya ya tsince wani busasshen ganye da iska ta jefo mata, sannan ya shiga mota.

Duk wanda ya san Manaja ya san ciyawar nan. Da ya gina gidan, maƙwabta duk sun malale tsakar gidajensu da siminti sun huta, shi kuwa ya ce a bar masa ƙasa. Ya taɓa kwana a wani otal a tafiyar aiki, ya buɗe taga da safe ya ga fili kore shar, an yanke shi daidai wa daida, kuma ba wanda ke yin komai da shi. Wannan rashin yin komai ɗin shi ya tafi da hankalinsa. Ya tashi a gidan da kowane taku na ƙasa sai ya ba da abinci, har gindin katanga sai an soka masa wani abu. A ranar ya yanke wa kansa cewa mutum bai isa ba sai yana da ƙasar da ba ta yi masa komai sai kyau.

Ya sayo ta wurin masu sayar da furanni a bakin titi, falle-falle da ƙasarta, suna ce mata ciyawar kafet. Ta farko rana ta ƙone ta. Ta biyu gara ta cinye ta daga ƙasa. Ta ukun ce ta kama, bayan an zubo baƙar ƙasa, an barbaɗa taki, shi kuma ya shafe rani guda yana tsaye da tiyo safe da yamma, a unguwar da ruwan famfo ke zuwa in ya ga dama. Daga nan ya sayi injin yanka mai shan fetur, ya ɗinka masa riga, ya ware masa wuri a sito. Duk Asabar yakan sa gajeren wando ya tura shi, layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har filin ya fito da zane mai haske da mai duhu. Ya san tsayin da ya kamata a bari, ya san ba a yanka da raɓa, ya san a wasa wuƙar injin don kada ta yage ganye. A ofis bai san ko masinjansa yana da aure ba, amma ya san kowane lungu da ciyawar ke neman yin sanƙo.

Doka ɗaya ce a gidan, ba a takawa. 'Ya'yansa sun girma suna buga ƙwallo a titi. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta taɓa shanya zanin gado a kai, ba ta sake ba. Yaran unguwa suka sa masa suna Kar-a-taka, ya sani, kuma a ransa bai ƙi sunan ba. Abokin hamayyarsa ɗaya ne, Lauya, maƙwabcinsa na bayan gajeriyar katanga, wanda ya kwaikwaye shi ya dasa tasa, amma kullum tana fama da tabo rawaya-rawaya. Sukan tsaya a katanga da yamma suna yaba wa juna, kowa yana leƙa ta ɗan'uwansa yana neman aibi.

Ranar da Baba ya fara fitowa baranda, ya daɗe yana kallon filin, sannan ya kira ɗansa ya rage murya don kada Malama ta ji. Ya tambaye shi yadda aka yi kiri-kiri ta ci ƙarfinsa haka. Kiri-kiri ita ce ciyawar da manomi ya fi tsana, mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, wadda in ka bar gaɓa ɗaya sai ta dawo da danginta, kuma Baba ya gane ta duk da askin da aka yi mata. Manaja ya buɗe baki zai yi bayani sai ya rasa ta inda zai fara. Ta yaya za ka gaya wa mutumin da ya ƙarar da ƙarfin bayansa yana yaƙi da abu, cewa kai da kuɗinka ka sayo shi, ka ɗauko shi a mota, kana ba shi ruwa da rani? Kunya ta kama shi. Ya ce, "Haka ƙasar wurin take, Baba." Da yake damina ce ba a ban ruwa, tiyo yana naɗe a sito, sai ƙaryar ta zauna lafiya. Duk Asabar Baba yana baranda yana kallonsa yana tura inji, yana girgiza kai yana cewa aski kawai yake mata, shi kuma ya yi dariya ya wuce.

A safiyar nan da Baba ya ce zai tafi, Manaja bai wuce ofis kai tsaye ba, ya biya asibiti. Ya zauna a benci tsakanin wata mata mai goyo da wani dattijo mai riƙe da hoton ƙirji a cikin leda, har aka kira shi. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, ta saurare shi tana danna biro. Ta ce ita ba ta da igiyar ɗaure mutum. Amma in Baba ya koma yanzu, maganin zai ƙare a aljihun riga, zai ga gona, zai ɗauki fartanya.

"Za ku dawo da shi a kwance," in ji ta. "In kun samu dawowa da shi ke nan."

Ya tambaye ta ko za ta gaya wa Baba hakan da bakinta, wataƙila ya fi jin maganarta. Ta ce ta gaya masa tun makon jiya. Baba ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya tambaye ta ko ana samun ruwa a garinsu.

A ofis ya shugabanci taro bai ji ko kalma ɗaya ba. Wani yana nuna zane-zane a bango yana bayani, shi kuwa yana ganin bayan motar nan da aka shimfiɗa wa katifa, da ƙafafun Baba da suka leƙo daga ƙarƙashin bargo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Da aka tashi ya rufe ƙofa ya kira babban yayansa a ƙauye, ya ce ya taimaka ya yi wa Baba magana. Yaya ya yi dariya ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa juya Baba daga abin da ya nufa ba, kuma ai Auta ne ya yi karatu, ya nemo dabara a littattafansa. Manaja ya yi tunanin ɓoye jakar. Ya yi tunanin cewa mota ta lalace, sai ya tuna Baba ba ya jin kunyar tambayar hanyar tasha. Ya zauna yana juya waya a hannu. Hoton da ke fuskar wayar na ciyawar ne, ran da ta fi kyau, kuma yau ko shi bai sanyaya masa rai ba.

Da rana ta ɗan karkata sai wayar ta yi ƙara, Malama ce.

"Ka zo gida."

"Baba ne?"

"Shi ne. Lafiyarsa ƙalau, yana zaune, yana magana. Ka dai zo."

Ya ce ta gaya masa abin da ya faru. Ta ce ba abin faɗa a waya ba ne. Muryarta tana rawa, kuma duk da shekarun da suka yi tare bai iya gane ko kuka take dannewa ko dariya ba. Ya bar kwat a jikin kujera ya fita. A hanya ya tarar da cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, masu talla suna ratsawa tsakanin motoci da ruwan gora da wayar caji. Ya yi ta danna hon, shi da kullum yake zagin masu danna hon. Bai yarda da "lafiyarsa ƙalau" ba, domin shi ma ya sha faɗa wa mutane haka a waya.

Ƙamshi ne ya fara tarye shi tun bai gama tura ƙofa ba, ƙamshin ɗanyar ƙasa da aka juya, wanda rabonsa da ji tun yana yaro. Sannan ya gani.

Daga bakin baranda har ana neman tsakiyar filin, babu ciyawa. Baƙar ƙasa ce a fili, an bi ta daki-daki. An tumbuke ciyawar, an kakkaɓe ƙasar jikinta, an tara ta tsibi-tsibi a kan siminti, saiwa tana kallon sama don rana ta kashe ta. Tsakani da Allah aiki ne mai kyau. Ko gefen da ya daidaita da almakashi da safe an bi shi da hannu, an zare yaɗon da ya shige ƙarƙashin bulo.

Baba yana zaune a kan bokitin da aka kife, ya tuɓe riga, daga shi sai singileti, 'yar fartanyar da ake gyara gindin furanni da ita tana kan cinyarsa. Gumi ya jiƙa shi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma fuskarsa a sake take, irin sakin da Manaja bai gani ba tun da aka kawo shi. Malama tana tsaye a bayansa da kofin ruwa, ta ƙi haɗa ido da mijinta.

Ta matso ta ba shi labari ƙasa-ƙasa. Dawowarta daga makaranta ta tarar da shi sunkuye. Ta roƙe shi, ya ce ta shiga ciki ta huta, ta sha fama da yaran mutane. Ta ce likita ta hana, ya ce likita gona ta hana, wannan kuwa shara ce. Ita kuma ba ta isa ta ƙwace fartanya daga hannun surukinta ba. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta kawo abinci ta ajiye a gabansa, da haka ta samu ya zauna. Ya cinye tas, har ya nemi ƙari. Ta auna shi da na'urar gida, jinin ya hau amma bai kai inda ake gudu ba. Ta kira likita, likitar ta yi faɗa, ta ce kada ya sake sunkuyawa, kuma a kawo shi gobe da safe ta duba shi.

Manaja bai ji rabin abin da ta faɗa ba. Ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Yana kallon tsibin nan yana ganin ranin da ya yi tsaye da tiyo, da Asabar ɗin da ba ya zuwa ko'ina, da 'ya'yansa da ya kora titi. Ya ji kunyar cewa ƙato kamarsa hawaye ke neman zubo masa a kan ciyawa. Maganganu suka taru a bakinsa, masu zafi, a jere. Ya nufi mahaifinsa, kuma ko a wannan hali sai da ya zagaya ta kan siminti.

Baba ne ya riga shi.

"Na so in gama kafin ka dawo," in ji shi, yana tsayawa yana jan numfashi. "Ƙarfi ya ƙi. Na ce ba zan tafi in bar ka a cikin wannan abin kunya ba. Manyan mutane suna shigo maka gida, Auta. In sun ga ƙofarka haka, ba kai za su zaga ba, ni za su zaga, su ce ban koya maka komai ba."

Ya ce ya daɗe yana kallon wahalar da yake sha da injin nan duk mako, ga ƙara ga hayaƙi, abu kuma yana dawowa. Yana tausaya masa, amma ya yi shiru don kada ya kunyata shi a gaban iyali. An yi masa hidima a gidan nan har ya rasa bakin godiya, shi kuwa ba shi da abin bayarwa sai wannan.

Sai a lokacin Manaja ya dubi tsohon da kyau. Leɓensa ya yi fari-fari, jijiyar wuyansa tana bugawa ana gani. Maganganun da ya jera suka watse, tsoron safe ya dawo ya zauna a wurinsa. Ya kuma gane cewa in Baba ya san abin da ya tumbuke saye aka yi, kuma shi ne abin da ɗansa ya fi so a gidan, ba zai jira gobe ba. Yanzu zai ɗauki jakarsa, kuma kunya ba za ta bar shi ya sake kwana a gidan ba.

"Sannu da aiki, Baba," in ji shi. Da ƙyar maganar ta fito.

A daidai nan kan Lauya ya ɓullo ta saman katanga. Ya yi salati, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Fuskar ta jajantawa ce, amma murna tana leƙowa ta gefen baki.

"Manaja, me nake gani haka? Ciyawar da ka sha wahalar..."

"Nome ta muke yi," in ji Manaja da sauri. "Ta dame ni. Na daɗe ina neman yadda zan rabu da ita, sai Allah ya kawo Baba."

Lauya ya dube shi, ya dubi Malama, wadda ta sami abin kallo a cikin kofin ruwa. Ya sake buɗe baki, Manaja ya zare masa ido irin na ofis. Baba bai lura da komai ba. Ya gaishe da maƙwabci, ya tambayi iyali, sannan ya kwantar masa da hankali.

"Na leƙa taka rannan, ɗana. Kai taka da sauƙi, ta fara mutuwa da kanta."

Kan Lauya ya nutse a bayan katanga. Malama ta shige ciki da sauri, wai ta bar abu a wuta, aka ji ta tana tari a falo.

Baba ya dogara fartanya ya yunƙura zai tashi. Ya ce rana ta yi sanyi, in ya dage zai ci sauran rabin kafin duhu, abin da ya rage ya ƙarasa da sassafe, su biya wurin yarinyar nan likita, daga can a sauke shi a tasha. Gwiwarsa ta lanƙwashe, ya koma kan bokitin ba shiri. Manaja ya riƙe ƙotar.

"Kawo, Baba. Ni zan yi. Kai ka zauna ka nuna mini."

Tsohon ya dube shi daga taye har takalmi mai ƙyalli, sannan ya saki. Manaja ya cusa tayen cikin riga, ya naɗe hannu, ya taka ciyawarsa da takalmin ofis. Laushinta ya ji har cikin ransa. Ya tsaya inda aikin Baba ya tsaya, ya ɗaga fartanya, ya runtse ido ya sauke.

"Ba haka ba," in ji Baba.

Ashe ba a sara. Sara gutsuttsura yaɗon yake yi, kowane guntu kuma ciyawar gobe ce. Shigar da bakin fartanya ake yi ƙarƙashi a ɗago, a sa hannu a bi yaɗon har ƙarshensa, a kakkaɓe, a kife. Manaja ya san duk wannan, ya sha ranƙwashi a kansa yana yaro, amma hannu ya manta, tumbi kuma ya tsaya a hanya. Kafin ya share wurin da zai ɗauki tabarma ɗaya tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya riƙe, farar riga ta koma wata kala. Baba yana bayansa yana gyara masa, murya tana ƙara ƙarfi: ga guntu can ka bari, koma, sunkuya sosai, ƙasa ba ta cizo. Ya ce tun yana yaro haka yake a gona, shi ya sa aka kai shi makaranta.

Malama ta dawo da kujerar roba da matashi da sandarsa, suka lallaɓa tsohon ya koma kai, ta yafa masa riga. Daga nan ya ƙare wa filin kallo kamar yadda yake yi wa gona: abin da aka nome, abin da ya rage, da wani ziri da ya bi gefen gida har baya, wanda sai yanzu ya lura da shi. Ya tambayi ɗansa yaushe yake samun lokaci. Manaja ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya ce sai in ya taso daga aiki, ɗan abin da ya rage kafin duhu, sai kuma Asabar. Baba ya ce inda aka nome ɗin ma sai an yi maimai, domin ruwa ɗaya za a yi ta sake leƙowa.

"In na tafi, injin nan za ka koma wa," in ji shi.

Manaja zai ce a'a, domin abin da ɗa ke cewa ke nan. Sai ya dubi ɗan wurin da ya share da gumin jikinsa, ya dubi koren da ya rage, shimfiɗe har katanga, zanen Asabar ɗin da ta wuce bai ma goge ba tukuna. Nan ya gane cewa muddin akwai sauran ciyawa, kuma shi ke riƙe da fartanya, Baba ba zai iya tafiya ba. Ya kuma gane cewa a ƙarshe ba za a bar masa ko ganye ɗaya ba, kuma da hannunsa zai yi. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye wa kansa ba.

"Gaskiya shi zan koma wa, Baba. Ni kaɗai ba zan iya ba."

"Bayansa ma yana damunsa," in ji Malama, idonta a ƙasa. "Bai kamata ya riƙa yin da yawa a rana ba."

Baba ya yi tsaki. Ya dubi jakarsa da ke baranda. Sannan ya ce wa Malama ta mayar masa da jaka ɗaki, ba wai ya fasa ba ne, amma shi bai taɓa barin aiki rabi a hannun rago ba. Ya gyara zama, ya nuna da sanda inda za a ci gaba.

"Da wannan nawar taka, Auta, damina za ta ƙare ba mu gama ba."

"Zan yi ƙoƙari, Baba."

Ya sunkuya, ya shigar da bakin fartanya ƙarƙashin ciyawarsa, ya kamo yaɗo ɗaya da yatsa ya fara binsa a hankali, a hankali.